Ba Ya Auna Mota Sai An Cika Ta

Ƙarfe shida na safe Baba Nemesio Lamar yake buɗe ƙyauren tsohon garejin da ke bayan tasharmu a Cárdenas, kuma ba mota yake fara dubawa ba, ƙasa yake dubawa. Yana da wani dogon tiyo da ake hango ruwan cikinsa. Zai kafa baki ɗaya a wannan gefen ramin aikinsa, ɗaya bakin a wancan gefen, ya durƙusa da ƙyar ya ga ko ruwan ya tsaya kai ɗaya. Na taɓa tsokanarsa ko ƙasar tafiya take yi in mun juya baya. Ya ce shi dai bai yarda da daɓen garin da ke zaune a bakin teku ba. Daga nan sai ya share wurin, ya shafa giris tsakanin fallayen ƙarfen da tayoyin gaba za su hau, ya warware zarensa daga jikin wani guntun icce da ya yi baƙi don riƙo, ya ɗora kofi a wuta.

Kofin nan ba nasa ba ne shi kaɗai. Da ƙamshi ya fita titi, fasinjojinsa za su fara shigowa. Akwai Inna Gumersinda, wadda ta yi shekara talatin tana dafa wa 'yan makaranta abinci, kuma jikinta ya shaida. Akwai Tiburcio, tsohon mai saran rake, busasshe, wanda iskar kirki za ta iya tafiya da shi. Sai wasu tsofaffi biyar ko shida na unguwar, 'yan teburin wasan domino. Su ne fasinjojin da ba sa zuwa ko'ina. Za su shiga motar da aka kawo gyara su zauna, kowa da ɗan kofinsa, suna tsinka gulmar gari, Baba Nemesio yana can ƙasa cikin rami da sifana. Duk Cárdenas an san dokarsa. Ba ya saita ƙafar mota sai an cika ta da mutane yadda take tafiya a hanya, direba kuma ya zauna a kujerarsa ya riƙe sitiyari.

Haka yake yi shekara arba'in da ɗaya, har ranar Litinin ta makon jiya, da aka kawo mota ta juye kankare a cikin ramin nan, aka shafe samansa sumul kamar ba a taɓa haƙa komai a wurin ba.

Sunana Idalmis. Shekara goma sha tara ke nan ina jan motar haya tsakanin Cárdenas da Matanzas, kuma raina a ɓace nake wannan rubutu. An ce in rubuta 'yan kalmomin yabo saboda wai Baba ya yi ritaya. Wace ritaya? Korarsa aka yi, aka haɗa masa da kek. Zan yabe shi, don ya cancanci abin da ya fi ƙarfin bakina, amma kada wani ya sa ran zan yi ina murmushi. Dattijo ne mai shekara saba'in da huɗu, bayansa ya daina lanƙwasuwa, ba ya iya kwanciya ƙarƙashin mota. A tsaye cikin rami kaɗai yake iya aiki. Wanda ya cike ramin ya san wannan sarai.

Bari in faɗi dalilin dokarsa, don na ji wasu marasa kunya suna cewa camfin tsufa ne. Motata ta mahaifina ce, takarda ta ce Chevrolet ce ta 1954. Takarda ƙarya take yi. Bodin ne kawai ya rage na asali. Injin dizal ne da aka ciro daga wata ƙaramar motar kaya, ya fi na da nauyi nesa ba kusa ba. Ƙafafun gaba daga motar Rasha suka zo. Sitiyarin ni kaina ban san ƙasarsa ba. An ƙara mata benci a baya don ta ɗauki mutum takwas. Duk motar da ke layi a tasharmu haka take, kowace da irin haɗe-haɗenta, babu littafin da ya san ko ɗaya daga cikinsu. In tana tsaye wayam za ka gan ta ta ɗaga hanci, ƙafafunta a miƙe. Bari mutum takwas su shiga da buhunan ayaba da jakunkuna, sai ta durƙusa, tayoyin gaba su baje su daina kallon inda suke kallo. Wanda ya saita ta babu kowa a ciki ya saita motar da ba ta taɓa hawa kwalta ba.

Kafin Baba ya ce maka sannu, tayarka yake shafawa da tafin hannu, daga waje zuwa ciki, daga ciki zuwa waje. In ta yi santsi ta nan ta yi kaifi ta can, ya riga ya gama karatunsa, wani lokaci har ya gaya maka ramin da ka faɗa a hanyar Coliseo, kai kuma ka hau rantse-rantse. Sannan ya raba wurin zama. Shi ke cewa Gumersinda ta koma tsakiya, shi ke ɗora wa Tiburcio tsohon batir a cinya don wai shi kaɗai bai cika mutum ɗaya ba. Sai ya ja zare a gefe biyu na motar daga gaba har baya, ya sa a tura ta gaba kaɗan a dawo da ita don ta zauna da gindinta, ya auna daga zare zuwa bakin gaba na kowace ƙafa, ya auna zuwa bakin baya. Ya rataya ɗan dalma a zare ya ga ko ƙafar ta kwanta ciki ko waje. Ya sauka rami ya juya noti rabin juyi, ya fito ya sake aunawa. Sau goma zai iya hawa da sauka a kan abin da bai kai kaurin farce ba. In kana sauri, ka tafi, ba ya riƙe kowa.

Kai ne, Baba, da aka kawo maka motar ɗaukar gawa tana janye wa direba hannu zuwa dama, ka ce ita ma sai an ɗora mata nata fasinjan. Aka rasa mai kwanciya, sai Tiburcio ya hau ya miƙe a baya ya harɗe hannuwa a ƙirji, Gumersinda tana ce masa ya yi gwaji da kyau don layinsa ya kusa. Rabin gari ya zo kallo, kai ko dariya ba ka yi ba. Ka ce mai tafiyarsa ta ƙarshe ma bai kamata a yi ta jijjiga shi ba. Kai ne kuma da wani direba daga garin Jovellanos ya kawo maka mota, ka sauka ka ga sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafa ta taɓa karyewa an yi mata walda an shafe da fenti, ka kwance ta ka jefa kan rufin gareji. Mutumin ya zage ka tas a gaban jama'a, ya kira ka tsohon banza. Ka bar shi ya gama, ka ɗauki keke ka tafi gidan wani abokinka ka samo masa wata sandar. Har makon jiya waccan tana kan rufin tana tsatsa, duk mai son gani ya gani.

To, shekara biyu da suka wuce aka miƙa garejin ga wata ƙungiya ta masu motocin 'yan yawon buɗe ido, waɗannan marasa rufi da ake fentawa ruwan hoda a kai su bakin tekun Varadero. Shugabanta Osmel, ɗan marigayi Rigoberto direba, wanda motar ubansa ba ta taɓa sanin hannun kowa ba sai na Baba. Osmel ya kawo na'ura daga waje, mai jan haske da allon kwamfuta, aka kafa ta a rumfa mai tsabta a cikin fili ɗaya da ramin Baba. Ni ba ni da faɗa da na'ura. Na'ura ba ta ƙarya, abin da aka gaya mata take bi. Za ta tambaya wace mota ce, su kuma su duba takarda su rubuta mata Chevrolet 1954. Sai ta ɗauko awon da masu ƙera motar suka rubuta shekara saba'in da suka wuce, na mota mai ƙaramin nauyi da ba a taɓa yi mata haɗe-haɗe ba, a saita taka a kai, babu ko kyanwa a kujera. Minti ashirin an gama, a miƙo maka takarda duk ta yi kore.

Nan zan faɗi abin da ya fi min ciwo, don ba zan zagi wasu in ɓoye nawa ba. Ni ma na je.

Shekara guda na yi ina jiran tayoyi biyu sababbi da ƙanwata ta turo min daga waje. Wanda ba ya jan mota a ƙasar nan bai san mene ne sabuwar taya ba. Na rungume su kamar jarirai. Na ce waɗannan ba na zare da alli ba ne, na zamani za a yi musu. Ga shi kuma a wurin Baba sai ka kashe rabin wuni kana sauraron Gumersinda. Na shiga filin da motata, na wuce ramin da mahaifina ya fara kawo ni ina 'yar shekara tara, na tsaya a rumfar Osmel. Baba yana zaune a bakin rami, ya gan ni. Ya ɗaga ɗan kofinsa ya gaishe ni. Na yi kamar ina neman wani abu a jaka. Da aka ba ni koriyar takarda na liƙa ta a gaban mota ina nuna wa fasinja, tir da ni.

Mako shida bayan haka, da tsakar rana, na ɗauko mutum takwas daga Matanzas, har da wata mata mai jariri a hannu. Mun wuce garin Guanábana ina cikin gudu sai na ji ƙara kamar an harba bindiga a ƙarƙashin ƙafata. Tayar gaba ta dama ta fashe. Sitiyari ya fizge, na danne shi da duk ƙarfina har na ji kafaɗata za ta fita, motar ta yi ta jan ciki a bakin kwalta har ta tsaya da hanci a cikin kwata. Wani dattijo ya fasa goshi. Matar nan ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, ta dai ƙanƙame jaririnta tana kallona, kuma har yau in na rufe ido ina ganin kallon. Na sauka na leƙa. Daga waje tayar sabuwa ce fil, ita nake dubawa kowace safiya ina jin daɗi. Ta ciki, inda ido ba ya kai wa, ta cinye har wayoyi sun fito. Ta hagun ma haka, saura kwana biyu ko uku ta bi 'yar'uwarta.

Washegari aka ja min motar zuwa garejin da wasu tsofaffin tayoyi na aro. Na shirya jin faɗa, na ma so a yi min. Baba ya zo ya shafa ragowar tayar da tafin hannu, ya daɗe yana shafawa. Ya ga koriyar takardar a gaban mota, bai ce komai a kanta ba. Ya juya wajen teburin domino.

"Gumersinda, a shiga. Ke kuma 'yata, hau kujerarki."

Gumersinda ce ta karɓi aikin faɗan. Tun kafin ta gama cusa jikinta a mota ta fara, ta ce ai ta zaci na yi girman da ba na gaida talakawa, ta tambaya ko kwamfutar ce ta zo ta ciro ni daga kwata, ta ce da mahaifina yana raye da sai ya karɓe makullin ya ba ni keken doki. Na sunkuyar da kai ina riƙe da sitiyari, hawaye na zuba. Da motar ta cika ta durƙusa, Baba ya ja zarensa, ya kira ni in leƙo ta taga. Tazarar da ke tsakanin awon gaba da na baya ta kai faɗin yatsa. Mako shida tayoyin nan suna jan ƙasa a karkace, ɗaya na neman gabas ɗaya na neman yamma, ni ina ciki ina nuna wa mutane takarda.

Ba ni kaɗai ba ce. Direba huɗu na sani da suka ci tayoyinsu haka, suka dawo wurin Baba a sace, suna ajiye mota a lungu har sai sun ga Osmel ya fita. Da ana da kunya, da nan maganar ta ƙare, a ce wa masu na'ura su riƙa cika mota kafin su auna, su riƙa tambayar dattijon da ke taku ashirin daga rumfarsu. Ina. Sai aka wayi gari da takarda a bango, wai rami a fili hatsari ne, wani baƙo zai iya faɗawa, kuma ana buƙatar wurin don wanke motocin 'yan yawon buɗe ido. Shekara arba'in da ɗaya ko kare bai faɗa ramin nan ba. Ba su ma iya gaya masa baki da baki ba, Tiburcio ne ya karanta masa, don idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu.

Aka kira taron direbobi a tasha. Mun fi arba'in. Kun san mutum nawa suka buɗe baki? Uku, har da ni. Sauran duk takalmansu suke kallo, saboda ta hannun ƙungiyar Osmel ake samun birki da bel da man giya, ba mai son a rufe masa ƙofa. Wani ma, wanda na san Baba ya taɓa hana shi hawa hanya da ƙafa mai shirin fita, ya ce ai zamani ne, kowa da lokacinsa. Na tashi na gaya masa abin da ba zan rubuta a nan ba. Ku da kuka yi shiru ranar nan, na san sunayenku, kun san na sani. Matanku da 'ya'yanku a motocin nan suke zuwa asibiti, kuma kuka zauna kamar an ɗinke muku baki.

Aka sa ranar Litinin don cike ramin. Ranar Juma'a kafin ta, ina zaune a bakin rami da safe, ma'aikatan rumfa ba su zo ba tukuna, sai ga Osmel da kansa a cikin motar ubansa, fara marar rufi, an wanke ta tana sheƙi. Washegari 'yarsa za ta cika shekara goma sha biyar, za a zaga gari da ita a motar nan cikin babbar riga kamar yadda al'adarmu take, daga nan a wuce Varadero ɗaukar hoto. Ya wuce rumfarsa. Ya wuce na'urarsa mai jan haske. Ya tsaya a bakin ramin da ya sa hannu a cike, ya sauko yana murza hula, ya ce ko Baba zai ɗan duba masa gaban motar, yana jin kamar tana ɗan rawa.

Na miƙe tsaye. Na tambaye shi ko na'urar tasa ta mutu ne. Na ce 'ya'yan talakawa ne za a auna da takarda, tasa kuma a kawo wa zare? Na ce jaririn da ke motata ranar nan shi ba ɗan mutum ba ne? Bai ɗago ba. Ina da sauran magana da yawa, Baba ya ɗaga min hannu.

"Idalmis, ya isa. Yarinyar ba ta cike ramin kowa ba."

Sai ya juya ya tambayi Osmel wa zai ja motar, mutum nawa za su shiga, ina yarinyar za ta zauna. Osmel ya ce shi zai ja, uwarta a gefensa, ƙawaye biyu a baya, ita kuma a can sama kan jingina ta baya, yadda ake yi. Baba ya raba wuri. Tiburcio ne ya fi kusa da nauyin yarinyar, shi aka ɗora a sama, ya zauna yana ɗaga wa 'yan domino hannu kamar amarya. Kowa ya yi dariya ban da ni da Osmel. Awa uku Baba ya yi a kan motar nan. Ya sami wani noti a ƙafar hagu da ya kusa kwancewa, abin da na'ura ba ta da hannun taɓawa, ya canja shi da wani daga gwangwaninsa. Na ƙirga, sau goma sha ɗaya ya hau matakalar ramin ya sauka, yana dafa bango. Da ya gama ya ce wa Osmel ya gaida 'yar, ya ce kakanta ma a nan yake kawo motar.

Na yi zaton wannan zai sa mutum ya ji kunya. Ni ce wawuya. Ranar Asabar yarinya ta zaga gari lafiya, na gan ta, kyakkyawa, Allah ya raya ta. Ranar Lahadi aka yi wa Baba walima a filin garejin, da kek da takardar yabo a cikin gilashi, Osmel ya yi jawabi ya kira shi uban kowa, waɗanda suka yi shiru a taro suka fi kowa tafi. Ranar Litinin motar kankare ta zo. Baba bai zo ba. Gumersinda ta zo, ta kawo kujera ta zauna tana kallo har aka gama, duk ma'aikacin da ya wuce ta gabanta sai ta kira sunan uwarsa ta ce za ta gaya mata.

Ranar Laraba na je gidansa. Na tarar da wata tsohuwar mota a ƙofar gida, wani direba ne daga garin Colón da bai ji labari ba ya biyo shi har can. Baba bai iya ce masa a'a ba. Ya shimfiɗa kwali a kan titi, ya kwanta ya shiga ƙarƙashin motar, ya kasa fitowa. Mu biyu muka ja shi ta ƙafa, muka ɗaga shi muka zaunar a dakali, yana numfashi sama-sama, rigarsa duk ƙasa. Mutumin da duk direban lardin nan ya taɓa sa ransa a hannunsa, ga shi ana jan sa a titi kamar buhu. Bai yi ƙorafin baya ba. Ya ba direban haƙuri, ya ce titin ma a karkace yake, ko ya auna ƙarya zai auna. Sannan ya naɗe zarensa a jikin iccen, ya shiga ciki ya rataye a ƙusa. Wallahi ban taɓa jin zafin rai irin na ranar nan ba.

Akwai fili a bayan gidana inda mahaifina yake kiwon aladu a da. Ina isa gida na ɗauki diga. Ban gaya wa kowa ba, na dai yi ta sara ina zagi, kowane sara da sunan wanda nake tunawa. Kwana uku ina haƙa bayan na tashi aiki, tafin hannuna duk ya ɗuri ruwa. Ban san wa ya kai masa labari ba, ko da yake ina zargin Gumersinda. Ranar Asabar da safe na ɗago kai daga cikin ramin na gan shi tsaye a baki, tiyo a kafaɗa, guntun iccen nan a aljihu. Na zaci zai ce wani abu mai sa kuka. Ya zaga ramin sau biyu, ya kafa tiyonsa, ya durƙusa da ƙyar ya duba ruwan.

"'Yata, ramin nan ya karkace. Ɗauko min turaku huɗu."

Na gode, Baba Nemesio, mai zare. Na gode da rabin juyin noti da ba wanda ya gani. Na gode da kofin da ka ɗaga min ranar da na wuce ka, da shirun da ka yi ranar da na dawo. Kai ne ka riƙe mu a kan kwalta shekara arba'in da ɗaya, mu da fasinjojinmu da gawarwakinmu, ba mu taɓa tambayar yaya bayanka ba. Ka yafe mana in za ka iya, ni dai ban yafe mana ba tukuna.

Ku kuma sauran, ramin ya kai ƙugu, yana buƙatar ya kai kafaɗa, kuma Baba ya ce sai an yi masa matakala mai faɗi da abin dafawa. Masu jini a jika su zo su koyi zaren nan tun mai shi yana iya nunawa, ni na fara, sau biyu ya kwance abin da na ɗaura. Gidana kun san shi, bayan tsohuwar tashar jirgi, mai koren ƙyaure. Asabar ƙarfe shida, kowa ya zo da shebur ɗinsa. Wanda ya ce ba shi da ƙarfin haƙa, ko ba shi da bakin magana kamar ranar taro, shi ma ya zo. In an gama ramin za a buƙaci masu zama a mota su yi shiru, kuma wannan kam na ga kun iya.